Juma'ar da Za Ta Yi Kyau: Sharhi kan Kyaututtukan Bincike na Sababbin Malaman Kimiyya

Manufar wannan ɗan sharhi ita ce a dubi wata al'ada da ta kafu a jami'o'in Amurka, watau ware kuɗi masu kauri a bai wa malamin kimiyya tun yana sabon shiga aikin koyarwa, kafin a tabbatar masa da kujerarsa. Mu kan fassara irin wannan da "lambar yabo", amma fassarar ba ta cika ba. Yabo na bin aikin da aka gama ne. Wannan kuwa jari ne da a kan zuba a kan aikin da ba a yi ba tukuna.

Misalai uku sun isa. Gidauniyar Sloan ta soma tata kyautar a 1955, kuma fiye da 50 daga cikin waɗanda suka ci ta sun sami kyautar Nobel daga baya. Gidauniyar Packard ta biyo baya a 1988, tana zaɓen mutum 20 a shekara daga jami'o'i 50 da ita kanta ta gayyata. Sai shirin CAREER na Hukumar Kimiyya ta Ƙasa, wanda ya fara a 1995, yana ɗaukar nauyin binciken malami har shekara 5, bisa sharaɗin ya haɗa bincike da koyarwa.

Hikimar abin a fili take. Sabon malami shi ne mai kaifin tunani da ƙarancin kayan aiki, ga nauyin azuzuwa, ga wa'adin da aka ɗibar masa don ya nuna bajintarsa. Idan aka sauke masa wahalar neman kuɗi, zai iya tunkarar matsala mai wuya wadda ba ta ba da amsa cikin shekara guda.

To, amma akwai abin dubawa. Masu ba da kyautar kan kafa hujja da ɗaukakar da waɗanda suka zaɓa suka samu, wai Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Shin gane ta suka yi, ko kuwa su ne suka kyautata ta? Tun 1968 masanin zamantakewa Robert Merton ya nuna cewa a fagen kimiyya wanda ya riga ya yi suna shi ake ƙara wa. Wani nazari da aka buga a 2018 kan irin wannan kyauta a ƙasar Holan ya ƙarfafa zancensa. An kwatanta waɗanda suka ci da ƙyar da waɗanda suka faɗi da ƙyar, mutanen da makinsu kusan ɗaya ne. Cikin shekara 8 na farkon sun tara kuɗin bincike fiye da ninki biyu na na biyun. Wani ɓangare na tazarar kuwa ya samo asali ne daga karayar zuciya, don da yawa cikin waɗanda suka faɗi ba su sake nema ba.

Daɗin daɗawa, tsarin gayyata irin na Packard ya rufe ƙofa ga haziƙin da ke ƙaramar jami'a tun kafin a karanta takardarsa. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya.

Ra'ayinmu shi ne kada a soke waɗannan kyaututtuka, amfaninsu ya fi illarsu. Abin da ya kamata a gyara shi ne yadda ake karanta su. Kwamitin ƙarin girma da ya ɗauki kyautar a matsayin ma'aunin ƙwazo ya ƙidaya hukunci guda sau biyu ke nan, kuma ya hukunta wanda maki kaɗan ya raba shi da ita. Aikin malami shi ya cancanci a karanta a auna.