Tsakanin "Borrow" da "Lend": Laifin Hausa Ne?

Sau da yawa akan ji ɗalibi, har wanda ya iso jami'a, ya ce wa ɗan'uwansa "borrow me your biro". Wannan kuskure ne, kuma masu duba takardun jarrabawar WAEC ba sa yafe shi. Amma abin da ya fi damuna shi ne bayanin da wasu malaman Ingilishi ke yi, wai Hausa ba ta bambanta mai karɓa da mai bayarwa, shi ya sa muke tuntuɓe. Wannan magana ba ta da tushe.

Mu fara da Ingilishin. "Borrow" aikin mai karɓa ne, "from" ke bin sa. "Lend" kuwa aikin mai bayarwa ne, idan ya shige sai ya koma "lent". Saboda haka mai neman biro zai ce "lend me your biro", ko kuma "may I borrow your biro?"

To, Hausa fa? Bahaushe yakan ce "na ari littafi", ya kuma ce "ya ara mini littafi". Saiwa ɗaya ce, wasalin ƙarshe da karin sauti ne suka raba su. A tsarin azuzuwan aikatau bakwai da F. W. Parsons ya fitar a 1960, "ari" na aji na biyu ne, "ara" na aji na ɗaya. Ashe bambancin yana nan. Abin da ke faruwa shi ne ɗalibi ya saba da saiwa ɗaya, sai ya riƙe "borrow" yana jan ta ko'ina. Bature kuwa, in ya ji "borrow me a book", zai iya ɗauka cewa "aro mini littafi" ake nufi, wato ya je wurin wani ya karɓo.

Har ma akwai inda Hausa ta fi tsantseni. Aro daban, rance daban: wanda ya ari gatari, gatarin nan zai mayar, wanda ya ranci kuɗi ko hatsi kuwa madadinsu zai biya. Ingilishi duk "borrow" yake ce musu, ba ruwansa.

Da malami zai rubuta "ari" kusa da "borrow", "ara" kusa da "lend" a kan allo, da ya huta da jan alƙalami. Sai dai a yawancin makarantunmu an hana yin Hausa a ajin Ingilishi, wani wurin har da tara.