Yarda da Amana a Sansanin Farauta: Tarken Labarin "The Bear" na William Faulkner

1.0 Gabatarwa

Maharbi ba baƙo ba ne a adabin harsunan Nijeriya. Ana samunsa a tatsuniyoyi da kirari da waƙoƙin baka na Hausa, ana samunsa a waƙoƙin ijala na Yarbawa, kuma shi ne tauraron littafin D. O. Fagunwa mai suna Ogboju Ode Ninu Igbo Irunmale (1938), wanda Wole Soyinka ya fassara zuwa Ingilishi a 1968. Sai dai kuma a galibin waɗannan ayyuka akan gamu da maharbin ne bayan ya riga ya ƙasaita. Alal misali, maharba bakwai da suka tafi Dutsen Langbodo a littafin Fagunwa, kowannensu ya shigo ayarin ne da sunansa da baiwarsa. Abin da ba a faye tsayawa a kansa ba shi ne yadda yaro ɗanye yake shiga cikin manya har su saki jiki da shi.

Wannan maƙala za ta duba wani ƙagaggen labari daga ƙasar Amurka wanda aka gina kacokan a kan wannan jigo. Manufarta ita ce ta nuna cewa abubuwa biyu ne yaron labarin ya samu a dawa, wato yarda da amana, kuma rashin bambanta su shi ke sa a ɗauki labarin a matsayin labarin nasara zalla.

2.0 Marubucin da Labarin

William Faulkner (1897–1962) mutumin jihar Misisifi ne a kudancin Amurka, kuma shi aka ba lambar yabo ta Nobel ta adabi ta shekarar 1949. Labarin "The Bear" shi ne mafi tsawo daga cikin labarai bakwai da ke cikin littafinsa Go Down, Moses (1942), kuma an kasa shi kashi biyar. Sunan labarin ya samo asali ne daga beyar, wata ƙatuwar dabbar dawa mai gashi da farata wadda babu irinta a dazukan Afirka ta Yamma.

Tauraron labarin shi ne Isaac McCaslin, wanda ake kira Ike, magajin wani babban gandu da kakansa ya kafa da ƙwadagon bayi. Yana ɗan shekara 10, a 1877, aka fara tafiya da shi sansanin farautar da Manjo de Spain yake jagoranta duk watan Nuwamba. A cikin ayarin akwai Janar Compson, da ɗan'uwan Ike kuma mariƙinsa McCaslin Edmonds, da Boon Hogganbeck. Akwai kuma tsoho Sam Fathers, ɗan wani sarkin ƙabilar Chickasaw wanda wata baiwa ta haifa, kuma uban nasa ya sayar da shi tare da uwarsa. Kowace shekara mafarautan sukan fita neman wata tsohuwar beyar da suka laƙaba wa suna Old Ben, wadda tarko ya taɓa lalata wa ƙafa ɗaya, har ana gane sawunta da gani.

3.0 Matakan Samun Yarda

Abu na farko da mai karatu zai lura da shi shi ne, ba a karɓi Ike da bikin maraba ba. Wurin kwanto mafi rashin albarka aka fara ba shi, inda ba a sa ran dabba za ta ɓullo, domin kuwa ƙa'idar sansanin ita ce sabon shiga ya fara da jira. Haƙuri da tawali'u su ne darasin farko da Sam ya ɗora shi a kai.

Mataki na biyu shi ne rabuwa da kayan dogaro. Yana ɗan shekara 11 ya yi ta yawo a dawa yana neman ya ga Old Ben da idonsa, bai dace ba, sai Sam ya nuna masa cewa bindigar da yake riƙe da ita ce ta hana. Ya bar bindigar a sansani, ya yi tafiyar sa'o'i tara, duk da haka bai ga kome ba. Daga nan ya rataye agogonsa da na'urar nuna alƙibla a jikin wani ɗan itace, ya jingine sandarsa, ya kutsa har ya ɓata. A lokacin ne ya ga sabon sawu yana cika da ruwa, ya ɗaga kai ya ga dabbar. Abin lura a nan shi ne, babu ko mutum ɗaya daga cikin ayarin da ya shaida wannan jarrabawa. Wato marubucin ya sa asalin cancantar yaron a wurin da babu mai yaba masa.

Mataki na uku shi ne na jini. A labarin "The Old People", wanda ya gabaci wannan a cikin littafin, Ike ya harbe namijin barewarsa na farko yana ɗan shekara 12, Sam kuma ya shafa masa jinin a fuska. Mataki na huɗu kuwa kame hannu ne. Wata rana wani ɗan ƙaramin karensa ya afka wa Old Ben, dabbar ta tsaya a gabansa a inda harbi ba zai kuskure ba, amma sai ya yar da bindiga ya ruga ya ceto karen.

Sakamakon wannan duka ya bayyana a farautar ƙarshe, a watan Disamba na 1883, lokacin Ike yana da shekara 16. Janar Compson da kansa ya ce a ba yaron alfadarar nan mai ido ɗaya wadda ba ta tsoron warin dabba, domin ya fi manyan sanin dawa. A ranar ce Boon ya kashe Old Ben da wuƙa, karen nan Lion ya sami raunin da ya zama ajalinsa, Sam kuma ya faɗi. Da McCaslin ya matsa sai Ike ya koma makaranta, Janar Compson ne ya tsaya masa har aka bar shi ya zauna kusa da Sam. Wannan ita ce yarda: manya sun gwada shi sun ga na ƙwarai ne, sun kuma faɗa a bainar jama'a.

4.0 Waɗanda Aka Bari a Bakin Ƙofa

Tambayar da ta kamata a yi a nan ita ce: wa aka ba damar a gwada shi? A sansanin akwai baƙaƙen fata biyu da ba sa fashin zuwa. Ɗaya shi ne Ash, kukun Manjo de Spain, wanda ya shekara da shekaru yana dafa abin da wasu suka harbo. Da Ike ya kashe barewarsa ta farko, Ash ya yi fushi ya ƙi girki sai an bar shi shi ma ya fita da bindiga, kuma an ba da wannan labari ne a matsayin abin dariya. Na biyun shi ne Jim ɗan Tennie, mai riƙon karnuka, wanda ya girmi Ike da kimanin shekara uku, yana cikin kowace farauta, amma ba a taɓa shafa masa jini a fuska ba.

Shi kansa Sam, wanda duk ilmin dawa daga wurinsa yake fitowa, ba shi ne mai sansanin ba, kuma sai da ya nemi izini kafin ya bar gandu ya koma dawa da zama. Ke nan ƙofar da Ike ya shiga ta cancanta ce, amma haihuwa ce ta kai shi bakinta. Faulkner ya ga wannan, ya kuma ajiye shaidarsa a cikin labarin. Inda za a iya kushe shi shi ne, bai taɓa shigar da mai karatu cikin zuciyar Jim ko ta Ash ba. Daga idon magajin gandu kaɗai ake hangen su.

5.0 Kashi na Huɗu da Matsalar Amana

A Hausa, yarda abu ne da ake ba mutum ya riƙe, amana kuwa ajiya ce da za a tambaye shi a kanta. Abin da Sam ya ba Ike amana ce. An ga alamar haka bayan rasuwar tsohon, lokacin da Ike da Boon suka ɗora gawarsa a kan dakali bisa al'adar Chickasaw, McCaslin ya zo yana tuhumar Boon ko shi ya ƙarasa shi, Ike ya shiga tsakani bai tona kome ba.

Kashi na huɗu na labarin ya fitar da wannan amana daga dawa ya kai ta gida. A nan an bar farauta baki ɗaya, an koma wata doguwar muhawara tsakanin Ike da McCaslin a 1888, lokacin da Ike ya cika shekara 21, cikin jimloli masu tsawon gaske da wuyar bi. Daga tsofaffin littattafan lissafin gandun Ike ya gano cewa kakansa ya haifi 'ya da baiwarsa Eunice, sa'an nan ya yi wa wannan 'yar tasa ciki, Eunice kuma ta faɗa ruwa ta mutu a 1832. Ɗan da aka haifa shi ne mahaifin Jim. Ashe mai riƙon karnukan jininsa ne. Jim ya gudu a 1885. Ike ya bi sawunsa har jihar Tenesi da dala 1,000 na gadonsa, amma wanda ya iya bin sawun beyar ya kasa samun ɗan'uwansa. Daga ƙarshe Ike ya ƙi karɓar gandun, ya zama kafinta.

Shin wannan sauke amana ne? Littafin bai nuna haka ba. Gandun ya koma hannun zuriyar Edmonds, ba abin da ya sauya ga ma'aikatansa. Dawan ma bai tsira ba, domin Manjo de Spain ya sayar wa wani kamfanin katako na Memfis da itatuwansa. A labarin "Delta Autumn", Ike yana dab da shekara 80, wata jikanyar Jim ta zo sansani ɗauke da jaririn da ta haifa wa Roth Edmonds. Da tsohon ya gane ko ita wace ce, sai ya miƙa mata kuɗin da Roth ya bari, ya shawarce ta ta koma arewa ta auri baƙin mutum. Abin da ya iya ba jaririn shi ne ƙahon farautar da Janar Compson ya bar masa, wato alamar yardar ayarin, a lokacin da ayarin da dawan duk sun kusa ƙarewa.

Wannan batu yana da muhimmanci ga masu koyarwa da masu fassara, domin labarin yana yawo da siga biyu. A littafin Big Woods (1955) an buga shi ba tare da kashi na huɗu ba. Wanda ya karanta wannan siga zai fita da labari mai daɗi na yaron da ya yi haƙuri ya zama gwani. Wanda ya karanta cikakken kuwa zai ga iyakar wannan gwaninta.

6.0 Kammalawa

An ga yadda Faulkner ya tsara shigar yaro cikin mafarauta mataki-mataki: jira, rabuwa da kayan dogaro, zubar da jini, da kame hannu. An kuma ga cewa sansanin da ya yarda da shi ya ɗauko tsarin gandu ya tafi da shi dawa, ta yadda wasu suka tsufa a cikinsa ba a taɓa gwada su ba. Saboda haka duk wanda zai juya wannan labari zuwa Hausa ko Yarbanci ko Ibo, ya wajaba ya haɗa da kashi na huɗu komai wuyarsa. Haka kuma, tambayar da aka yi wa sansanin Manjo de Spain ta cancanci a yi wa kirari da waƙoƙin maharba na gida: ban da gwanin da ake wasawa, su wane ne masu riƙon karnuka da ɗaukar nama, kuma ta wace hanya ɗayansu yake samun a kira sunansa?