Filibiyawa 4:19 a Bakin Mai Wa'azi Bayan Ambaliya

A ƙarshen daminar 2020 ruwa ya cika fadamar Rima ya shanye gonakin shinkafa daga Argungu da Gulma har Birnin Kebbi, ana dab da girbi. Manoma da yawa da bashi suka yi noman, wasu a ƙarƙashin shirin lamunin Babban Bankin Nijeriya da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015. Makonni kaɗan bayan haka na zauna a wata ƙaramar majami'a ta wannan yanki, na ji baƙon mai wa'azi ya ɗauki Filibiyawa 4:19 ya haɗa da labarin gwauruwar Zarefat. Saƙonsa shi ne: wanda ruwa ya ci gonarsa ya kawo abin da ya rage masa a gaban bagade a matsayin "iri", Allah zai mayar masa ninki ɗari kafin shekara ta zagayo. Mutane sun yi kuka, sun kuma bayar. Wannan wa'azi nake so mu auna, domin na sha jin irinsa a bakin ɗalibanmu.

Sai mu fara ba shi haƙƙinsa. Ya ga jama'a sun karaya, ya ƙi barinsu a haka. Bayarwa cikin talauci kuma ba baƙon abu ba ne a Littafi Mai Tsarki. Bulus ya yabi ikkilisiyoyin Makidoniya a kan haka a 2 Korantiyawa 8, Filibi kuwa a Makidoniya take.

Matsalar tana wurin da ya yanke ayar. Bulus yana tsare sa'ad da ya rubuta wasiƙar. A aya ta 11 da ta 12 ya ce ya koyi wadar zuci, ya san ƙoshi ya san yunwa. Mutumin da ya ce Allah zai biya kowace bukata shi ne ya shaida cewa ya kwana da yunwa yana cikin hidima. Kalmar Helenanci da ya yi amfani da ita tana nufin bukata, abin da rai ba ya iya yi sai da shi. Ba ta nufin riba. Kuma Filibiyawa sun riga sun aika kyautarsu ta hannun Abafaroditus kafin a yi musu wannan alkawari. Godiya ce Bulus yake yi, har ya ce a aya ta 17 ba kyautar yake nema ba. Mai wa'azinmu ya juya godiya ta zama ciniki.

Labarin Zarefat ya fi shan wahala a hannunsa. A 1 Sarakuna 17 Iliya ya roƙi matar ne bisa ga umarnin da Ubangiji ya ba shi a kan wannan mace ɗaya. Abin da ta samu shi ne gari da mai da ba su ƙare ba har aka yi ruwa, wato abincin yau, gobe ma na gobe. Ba ta gina rumbu ba. Daga baya ma ɗanta ya mutu, sai da annabi ya yi kuka ga Allah. Yesu da kansa ya ce a Luka 4 gwauraye suna da yawa a Isra'ila a lokacin, amma wurin ɗaya kaɗai aka aiki Iliya. To, yaya abin da Ubangijinmu ya nuna a matsayin zaɓin alheri zai zama ƙa'idar da kowa zai bi ya ci riba? Ba na mance cewa rafin Kerit ya ƙafe a gaban annabin Allah, wannan kuwa ba a cika karanta shi a ranar tara baiko ba.

Akwai abin da ba ma son faɗa a fili. A ƙananan ikkilisiyoyinmu albashin fasto daga baiko yake fitowa. Idan gonar membobi ta nutse, tukunyar gidan fasto ma ta nutse. Ni ma na taɓa yin wata uku ba a biya ni ba, na san yadda aya take canza kama a idon mai jin yunwa. Saboda haka nake cewa wannan wa'azi jaraba ce da ke jiran kowannenmu.

Kuskure na biyu yana wurin masu tsoron na farko. Su kan ce wa manomi ya yi haƙuri, Allah zai tanada, su sallame shi. Yakubu 2:15-16 ya riga ya yi hukunci a kan wannan. A Ayyukan Manzanni 11, da Agabus ya yi annabcin yunwa, masu bi na Antakiya suka tara gudummawa, kowa gwargwadon ƙarfinsa, suka aika Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu. Tanadin Allah ya bi ta hannun 'yan'uwa, daga mai ɗan abu zuwa ga wanda ya rasa. A majami'ar da na zauna kuwa kuɗin ya tashi daga wanda ya rasa ya nufi bagade.

Manomin fadama ya san iri fiye da mu. Bayan ambaliya begensa yana kan noman rani: irin shinkafa, taki, da man injin ban ruwa, wanda tun cire tallafin fetur a Mayun 2023 ya zama babban nauyi. Wani dattijo ya faɗa mini bayan sujada cewa kuɗin man injinsa ne ya ajiye a gaban bagade. Na tambayi dattawan ikkilisiya ko za a iya mayar masa daga asusu, suka ce baƙon ya riga ya tafi da kasonsa.