Langa: Wasan da Ƙato Ke Yi wa Yaro Dogaranci

Ni dai a bar ni da langa! Ko wane ne ya fara ƙago ta, Allah ya ji ƙansa, don tun tuni ya kwance ƙullin da masu tsara wasanni a Amurka suka shekara 50 suna fama da shi.

Ku zo dandali a Matankari bayan an kai hatsi rumbu, daren farin wata. Samari sun kasu gida biyu, kowa ya lanƙwasa ƙafa ɗaya baya ya riƙe da hannu. Ka saki ko ka faɗi, ka mutu. Dokar ke nan, amma dubi aikinta! Ƙato ya rasa hannu da ƙafa lokaci guda, nauyin da yake taƙama da shi ya zame masa kaya, ga rairayin Dallol Mauri na cin sawu. Siririn yaro zai jira ya ɗaga sama, ya ɗan taɓa masa kafaɗa, sai ka ji rim! Shi ya sa za ka ga gwanaye suna murza ƙasa a tafin hannu kafin a fara, don gumi ya kashe jarumai fiye da turi.

Abin da ya fi burge ni shi ne rabon aiki. Akwai dawaki, akwai ruwa, kuma ruwa kaɗai ke sha, wato ya ratsa abokan gaba ya kai gaci. Doki ya zubar da mutum biyar, aikin banza ne in aka kashe masa ruwa. Dole manya su zagaye ɗan ƙaramin nan mai zafin nama, yana laɓe a bayansu yana raɗa, "Yaya, tare mini hagu!" Yayan kuwa ya bi umarni ba musu. Can ya ga kafa, ya ratsa, 'yan kallo su ɓarke: "Ya sha! Ya sha!" Kai, wannan daɗi!

Yanzu kwatanta da Dungeons & Dragons, wasan tebur da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974, inda kowa ke ɗaukar matsayin wani jarumi a labari. Sun fara da jarumai iri uku: mayaƙi, matsafi, da mai addu'a mai warkarwa. Matsafi kan fara da sihiri ɗaya tak a yini, amma in ya hau matakai sai ya shanye wasan, mai takobi ya koma ɗan rakiya. A bugu na huɗu, 2008, aka yanka wa kowa aiki filla-filla, masoya da yawa suka ce jaruman sun koma abu guda. A bugu na biyar, 2014, aka kawo dokar tattara hankali: sihiri mai ɗorewa guda ɗaya za ka riƙe, in aka buge ka yana iya kuɓucewa. To wannan ai riƙon ƙafar langa ne, sai da suka shekara 40 kafin su iso!

Ba na mamaki da langa ta zauna daram a Arewa. Ƙasa ce da ta saba raba iko: sarauta wajen Sarkin Arewa a Matankari, al'amuran ƙasa da tsafinta wajen Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji. Sarauniya Mangu ce ma ta tari rundunar 'yan mulkin mallaka ta Voulet da Chanoine a 1899.

A gasannin Najeriya an tsara langa iri uku: ruwa, tureshi da kawoshi. Tureshi na da zafi, ban musa ba, sai dai mai ƙarfi ya fi samun yadda yake so a can. Ni in ba a ware ruwa an ba shi dawakinsa ba, ko tabarmata ba na shimfiɗawa.