Farautar Alama a Ajin Adabi

Duk wanda ya yi nazarin ƙagaggen labari a sakandare ya san jerin da ake bi: jigo, warwarar jigo, zubi da tsari, salo, taurari. Tsari ne mai amfani. Sai dai ya haifar mana da wata ɗabi'a, inda ɗalibi ke buɗe littafi da tambaya guda a ransa: wannan abu alamar me ce? Da zarar ya samu amsa, shi ke nan, karatu ya ƙare.

Ɗauki Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East. Abu ne mai sauƙi a ce ruwan yana alamta ilimi ko buri, tafiyar kuma haƙuri da juriya. Ba ƙarya ba ne. To amma wane irin mutum ne Alhaji Imam, tauraron labarin? Ya fita da kyakkyawar niyya, nemo maganin ɗan Sarki, amma a hanya ya yi ƙarya, ya yi damfara, shi da Malam Zurƙe ɗan Muhamman kowa na haƙa wa ɗan'uwansa rami. Mai karatu na dariya, yana kuma goyon bayansa, alhali ya san ba gaskiya gare shi ba. Nan gwanintar marubucin take, kuma nan ne takardar jarrabawa ba ta cika leƙawa ba.

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fi nuna wannan asara. Abdulkarim, Balaraben da ya tafi da Umar ƙasarsu, falken bayi ne. Shi ne kuma ya riƙe yaron kamar ɗan cikinsa, ya sa shi a hanyar karatu har ya zama shaihi. A can gefe, uwar yaron ta ratsa Sahara tana nemansa, ita ma ta faɗa cikin bauta. Yaya za a yi da mutum irin Abdulkarim? In aka ce alamar zalunci ne, an zubar da rabinsa. In aka ce alamar tausayi ne, an ci amanar hawayen uwar. Marubucin ya bar mana shi a cakuɗe, yadda mutane suke a zahiri.

Ban ce a watsar da alamtarwa ba. Waƙoƙinmu da tatsuniyoyinmu cike suke da ita. Damuwata ita ce alama na da sauƙin haddacewa da sauƙin ba da maki, shi ya sa ta mamaye aji, har yara suka ɗauka zurfin labari ɓoyayyiyar ma'ana ce kawai.

Malaman adabi, a riƙa tsayawa a kan shafi guda tare da ɗalibai. A tambaye su me wannan tauraro ya yi, me ya sa ya yi shi, wa ya cutu. A bar su su yi gardama a kan Abdulkarim, ko da ƙararrawa za ta buga ba su daidaita ba.