Tseren Keke Tsakanin 'Yan Makaranta

Tun cikin shekarun 1950 'yan kasuwar Labanan masu gidajen silima suka soma kawo wasannin Indiya birnin Kano, jama'a kuwa suka karɓe su hannu bibbiyu. Da fari sai mutum ya je ya biya kuɗin shiga, daga baya kaset ya shiga gidaje, yanzu kuwa yaro yana zaune bakin gonar shinkafa a Kura yana kallo cikin wayarsa. Tun da yake abin ya riga ya zama ɗan gida, ya kamata iyaye su san abin da waɗannan wasanni suke faɗa wa 'ya'yansu. Ga ɗaya daga cikinsu, wanda ya cancanci a tsaya a dube shi da kyau, domin zancensa na 'yan makaranta ne.

Sunansa Jo Jeeta Wohi Sikandar, watau wanda ya ci shi ne Iskandar, sarkin nan da ya cinye ƙasashe da yaƙi. An fito da shi a 1992. Mansoor Khan ne ya shirya shi, Aamir Khan kuma shi ne babban ɗan wasa. Ya sami kyautar Filmfare ta wasan da ya fi kyau a shekararsa. Masana sun lura ya yi kama da wani wasan Amurka na 1979, Breaking Away, inda 'ya'yan masu sassaƙar dutse suka yi tseren keke da ɗaliban jami'a.

Labarin ya faru ne a Dehradun, wani gari na gindin duwatsu a arewacin Indiya, mai makarantu da yawa. Akwai Rajput, ta 'ya'yan attajirai, akwai kuma Model, ta 'ya'yan talakawan gari. Kowace shekara makarantun sukan haɗu su yi wasanni, babban abin da ake jira kuwa shi ne tseren keke. Wani mai shagon shayi, Ramlal, yana da 'ya'ya biyu a Model. Babban, Ratan, yaro ne natsattse mai ƙwazo. Ƙaramin, Sanju, shashasha ne, ba abin da ya iya sai gudun aji da tsokana, shi da abokansa Maqsood da Ghanshu. Akwai kuma Anjali, abokiyar wasansa tun suna ƙanana, wadda take sonsa a ranta shi kuwa bai ko lura ba.

A tseren farko Ratan ya kara da Shekhar, zakaran Rajput. Sun zo kai da kai har gab da ƙarshe, sa'an nan Shekhar ya wuce shi da ɗan taƙi kaɗan, don kekensa ya fi na Ratan kyau nesa. A nan ne wasan ya fi faɗin gaskiya. Bai ce ɗan talaka rago ne ba, bai kuma ce ɗan attajiri bai yi gumi ba. Yaran biyu sun yi iyakar ƙoƙarinsu, abin da ya raba su ƙarfe ne da aka saya da kuɗi.

Manomin Kura ko Bunkure ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, ruwa yake biyo manyan hanyoyi da ƙanana yana shiga gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, ana noman shinkafa da alkama da tumatir har cikin rani. To, amma wanda gonarsa take kusa da bakin hanyar ruwa shi yake fara sha, wanda tasa take can wutsiya kuwa sai abin da ya rage, musamman in ciyawa da laka sun toshe hanya. Su biyun suna iya fita gona lokaci ɗaya, su zuba taki iri ɗaya, amma ranar girbi buhunansu ba za su zo daidai ba. Wanda bai san gonakin ba sai ya ce na wutsiya malalaci ne. Haka zancen makaranta yake. Yaron da yake karatu a aji mai cunkoso, ba littafi, da wanda ubansa ya biya masa makarantar kuɗi a birni, takardar jarrabawa ɗaya za a ɗora musu.

Daga nan sai wasan ya juya ga ban dariya, ita ce kuwa ta cika tsakiyarsa. Sanju ya ga wata yarinya 'yar masu hali, Devika, ta makarantar Queens. Sai ya ce mata shi ɗan attajiri ne, a Xavier yake karatu. Ƙarya ta haifi ƙarya, abokansa suna tayawa suna rufa masa asiri, mai kallo yana dariya yana jiran ranar da za ta fashe. Ta fashe kuwa ran gasar rawa, sa'ad da yarinyar ta gan shi tsakiyar 'yan Model. Nan take ta juya masa baya, ta koma wajen Shekhar.

Abin yabo shi ne, dariyar nan ba ta banza ba ce, tana da farashi. Ramlal yana tara kuɗi kwabo-kwabo daga cinikin shayi domin ya saya wa Ratan keke mai kyau. Cikin kuɗin uban nan Sanju ya sa hannu don ya burge yarinya. Da asiri ya tonu, uban ya kore shi daga gida. Duk wanda ya taɓa ajiye kuɗin taki ko na hayar tarakta ƙarƙashin katifa, ya zo ya tarar an taɓa, zai ji zafin da tsohon nan ya ji. Kulbhushan Kharbanda, wanda ya fito a uban, bai yi ihu mai yawa ba, fuskarsa ta isa. Mai kallo da ya gama dariya da ƙaryar Sanju sai ya tarar da kansa yana jin kunya, kamar da shi aka ci kuɗin.

Akwai dai abin da ido ba ya yarda da shi. Aamir Khan shekararsa 27 lokacin da wasan ya fito, ga shi cikin kayan makaranta. A ƙauye mai irin shekarun nan ya yi aure, watakila ma ɗansa ya shiga firamare. Amma ya iya rawar kai irin ta samari, har mutum yakan manta.

Rabi na biyu shi ne mai rauni. Shekhar da mutanensa sun yi faɗa da Ratan a kan hanya, Ratan ya faɗa kwazazzabo, aka kai shi asibiti rai a hannun Allah. Sanju ya yi nadama, ya dawo gida, ya kama aikin shago, ya shiga koyon tsere da taimakon Anjali, ya hau keken da ya yi daidai da na abokin gabansa, ya ci. Mutane suka yi sowa, aka tashi.

To, a nan akwai tambaya. Da fari Shekhar yaro ne mai girman kai wanda ya sami abin da wasu ba su samu ba. Wannan kaɗai ya isa a gina labari a kansa. Amma masu wasan suka ji tsoro kada mai kallo ya ƙi tsanarsa, sai suka mai da shi mugu mai neman halaka mutum. Da suka yi haka, zancen bambancin makarantu ya ɓace, ya koma zancen ramuwar gayya tsakanin gida biyu. Har wa yau, Ratan ya yi shekaru yana tashi da asuba yana horar da jikinsa bai ci ba, ƙanensa kuwa da ya ɓata ƙuruciyarsa a shashanci ya yi himmar ɗan lokaci ya ci. Yaron da ya kalli wannan yana iya ɗauka cewa a yi ta wasa har jarrabawa ta matso, sa'an nan a ɗaura ɗamara. Mai gonar tumatir ya san ba a yin dashe ana gobe kasuwar Kwanar Gafan.

Wajen abuta ma wasan bai yi wa kowa adalci ɗaya ba. Maqsood da Ghanshu an ba su wuri sun yi ta ba da dariya. Anjali kuwa, wadda Ayesha Jhulka ta fito a matsayinta, ita ce ta fi kowa riƙon amana: ta san ƙaryar Sanju ba ta tona ba, ta ga yana bin wata ta haɗiye, da kowa ya guje shi ita ta tsaya. Duk da haka ba a nuna abin da take so ta zama ba, ko yadda karatunta yake tafiya, sai ka ce ba makaranta take zuwa ba. An ajiye ta ne kamar lada da za a miƙa wa yaro in ya shiryu. Uwar da take fama ta ga 'yarta ta gama sakandare a Bunkure tana da dalilin da za ta ɓata fuska a nan. Masu shirya wasannin Hausa a Kano, waɗanda tun daga Turmin Danya na 1990 suka yi nisa a sana'ar, sun ari waƙa da rawa da soyayyar mutum uku daga Indiya. Da sun ari irin tsohon nan mai shagon shayi, suka bar irin wannan ajiyar da aka yi wa Anjali, da sun fi cin riba.

Sunan wasan kansa ma abin dubawa ne. In wanda ya ci shi ne sarki, to Shekhar ne sarki a tseren farko, alhali wasan ya ɓata lokaci yana nuna cewa kuɗin ubansa ne suka ci masa. Ratan, wanda ya fi kowa cancanta a labarin, bai taɓa ɗaga kofi da hannunsa ba. Tseren kuwa na shekara-shekara ne. An kashe fitila Sanju yana murna, ba a nuna baɗi ba, sa'ad da 'yan Rajput za su dawo da sababbin kekuna, Ramlal kuwa ya koma bakin tukunyar shayinsa yana sake tari.