Tauraruwar da Ta Ƙi Cin Abinci: Ciwo da Waraka a Ƙagaggun Labarai

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya daɗe yana karanta labaran soyayya na Hausa ya san wannan fage. An hana yarinya wanda take so, an ce za a ba ta wani attajiri ko ɗan aminin mahaifinta. Sai ta shige ɗaki ta ja ƙofa. A kawo tuwo a mayar da shi da malmalarsa, a dama fura ta tsinke a ƙwarya. Kafin a yi shafi biyar ta rame, idanu sun faɗa, ƙasusuwan wuya sun fito. Ranar da iyaye suka sauko aka ɗaura aure da masoyi, ranar ciwo ya tafi, bayan mako biyu kuma marubuci ya shaida mana ta murje ta yi ɓulɓul. Wannan fage ya yawaita a littattafan da aka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, mun kuma ci karo da shi fiye da sau ɗaya a gajerun labaran da ɗalibanmu suka aiko wa wannan mujalla.

Manufar wannan maƙala ita ce ta duba yadda marubutanmu suke sarrafa ƙin cin abinci da warakarsa, ta gwama shi da yadda marubuciyar Zimbabuwe, Tsitsi Dangarembga, ta sarrafa shi. Ra'ayinmu shi ne, mun iya rubuta ramar, amma har yanzu ba mu koyi rubuta warakar ba.

2.0 Ciwon da Muke Magana a Kai

A shekarar 1873 likitan Ingila William Gull ya raɗa wa wani ciwo suna anoreksiya, a daidai lokacin da Charles Lasègue ya bayyana shi a Faransa. Mu za mu kira shi ciwon ƙin ci. Mai shi yakan tauye wa kansa abinci har jiki ya ƙare, alhali ga abincin a gabansa, sau da yawa kuma yana ganin kansa da ƙiba bayan kowa na ganin ƙasusuwa. Haila takan ɗauke, bugun zuciya ya yi rauni, ƙashi ya yi laushi. Yana daga cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa. Shi ya yi sanadin mutuwar mawaƙiyar Amurka Karen Carpenter a 1983, tana da shekara 32. Ɗan'uwansa kuwa, wato bulimiya, Gerald Russell ne ya fayyace shi a 1979. Mai wannan yakan ci abinci mai yawa a ɓoye ba tare da ya iya tsayawa ba, sannan ya tilasta wa kansa amai ko ya sha maganin gudawa. Da yake jikinsa ba lalle ya rame ba, yakan yi shekaru ba wanda ya gane. Mata sun fi kamuwa da su, amma maza ma ba su tsira ba.

Mun san abin da mai karatu a Maiduguri zai ce. Garin da tun 2009 ya ga sansanonin 'yan gudun hijira da yara masu tamowa, ina shi ina zancen mai ƙin cin abin da aka ajiye masa? Ballantana ma mu da muke yabon mace da cewa ta yi jiki, har wasu 'yan mata suna shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe don su yi ƙiba. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin ciwon bai yawaita a nan kamar ƙasashen Turai ba. Sai dai ƙarancin abu daban, rashinsa daban. Tun 1981 aka buga rahoton wata 'yar Nijeriya mai ciwon ƙin ci a mujallar likitocin ƙwaƙwalwa ta Birtaniya. A 2004 kuma mujallar ta buga wani bincike da aka yi a kan ɗalibai mata 668 a makarantun sakandare na arewacin Ghana, inda aka sami goma da suka ramar da kansu da yunwa. Abin lura shi ne ba tsoron ƙiba suka ambata ba. Da addini da kamun kai suka fassara abin da suke yi. Wato ciwon yakan ari rigar al'ummar da ya shiga. A wurinmu yana iya fakewa a bayan kunya, ko azumin nafila da ba ya yankewa, ko kuma ciwon so.

3.0 Rama a Matsayin Hujjar So

A al'adar Bahaushe barin abinci magana ce. Amarya ba ta ci a gaban dangin miji, suruki yakan tsame hannu da wuri, wanda aka ɓata wa rai yakan ture akushi. Saboda haka marubutanmu ba su yi kuskure ba da suka ba tauraruwar da aka toshe wa baki wannan hanya ta faɗar abin da ke ranta. Yarinyar da tarbiyya ta hana ta ce wa mahaifinta a'a, jikinta ne yake faɗa a madadinta. Nan ne ƙarfin wannan fage yake, kuma shi ya sa ya yi tasiri a labaran da suka yaƙi auren dole.

Rauninsa ta fuska biyu ne. Na farko, an mayar da ramar ado. Gwargwadon yadda tauraruwa ta lalace, gwargwadon yadda mai karatu zai gaskata sonta, har wasu marubutan sukan ce ramar ta ƙara mata kyau da hasken fata. Ɗalibar da take karanta wannan a ɗakin kwana tana koyon darasi ba tare da an ce darasi ne ba: wadda ta fi iya horar da cikinta ita ta fi iya so, kuma ita ake saurara. Na biyu, yajin cin abinci a waɗannan labarai kullum yana hannun mai yinsa, ranar da ta ga dama ta janye. Likitoci kuwa sun nuna cewa abin da aka fara da gangan yakan ƙwace linzami, har a kawar da dalilin farko amma ciwon ya zauna. Hasali ma, wanda ya daɗe cikin yunwa idan aka ɗura masa abinci farat ɗaya yana iya halaka, shi ya sa ake mayar masa da ci kaɗan-kaɗan a ƙarƙashin kulawar likita. Walimar da muke shirya wa tauraruwarmu a babin ƙarshe, da a zahiri ne, tana iya zama ajalinta.

Wannan waraka ta nan-take tana da tsohon asali a adabinmu. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, an ɓatar da littafin gaba ɗaya a kan wahalar neman magani, amma da ruwan ya iso sai ɗan sarki ya warke, labari ya ƙare. Ga labarin da ya tsiro daga tatsuniya da hikaya wannan ba aibi ba ne. Aibin yana ga labarin da ya ce hoton rayuwa yake ɗauka, sannan ya mayar da ɗaurin aure ruwan Bagaja.

4.0 Nyasha

Dangarembga ta fara karatun likita a Kambirij, ta kuma karanta ilimin halayyar ɗan'adam a Jami'ar Zimbabuwe, kafin ta fitar da Nervous Conditions a 1988. Labarin yana fitowa ne daga bakin Tambu, 'yar ƙauye da ta koma gidan baffanta Babamukuru, shugaban makarantar mishan, a zamanin da ƙasar take Rodeshiya. 'Yarsa Nyasha ta yi ƙuruciyarta a Ingila, ta dawo harshen Shona ya kuɓuce mata, ga kaifin basira, ga uban da ba a musa masa.

Gwanintar marubuciyar ita ce ta mayar da wurin cin abinci fagen daga. A nan uba yake nuna iko, yana cewa ba za ta tashi ba sai ta cinye. Nyasha takan cinye da sauri kamar mai biyayya, sannan ta shiga banɗaki ta amayar. Ba a ƙawata komai ba. Muna ganin yadda take ƙarewa a hankali, da karatun dare da ba ta hutawa, da uwar da take gani tana shiru, har daren da hankalinta ya gushe ta yayyaga littafin tarihi da haƙora, ta farfasa madubai. Da aka kai ta Salisbury, likitan farko, Bature, ya sallame su da cewa baƙar fata ba ya irin wannan ciwo. Sai na biyu ne ya karɓe ta. Ya kamata mu tsaya a kan likitan farko, domin maganarsa ita ce wadda muka ambata a baya cewa mai karatunmu zai yi. Shi raini ya sa shi faɗa, mu kuma rashin sabo, amma ga marar lafiya sakamakon ɗaya ne.

Littafin ya ƙare ba a ce Nyasha ta warke ba. Sai da marubuciyar ta yi shekara 30, a This Mournable Body na 2018, sannan ta nuna mana ita a Harare, magidanciya da miji Bajamushe da 'ya'ya biyu, tana fama da hidimar gida da ƙarancin kuɗi. A wannan karon Tambu ce ta fito daga asibitin ƙwaƙwalwa, Nyasha kuma ita ta ba ta masauki. Wadda aka yi jinya ta zama mai jinya. Ba mu san wani hoton waraka a adabin Afirka da ya fi wannan kama hankali ba, kuma babu walima a cikinsa.

5.0 Yadda Waraka Take

Abin da marubuciyar ta hango, bincike ya tabbatar da shi. A 2017 wasu likitoci a Boston ta Amurka suka buga sakamakon bin diddigin mata masu waɗannan cututtuka na tsawon shekara 22. Bayan shekara tara, kusan kashi 31 cikin ɗari na masu ciwon ƙin ci ne suka warke. Bayan shekara 22 adadin ya kai kusan kashi 63. Masu bulimiya kuwa kimanin kashi 68 ne suka warke. Ashe dai gaskiyar Bahaushe ne da ya ce ciwo farat ɗaya yake shiga, sauƙi sai a hankali. Mafi yawa suna warkewa, sai dai hanyar doguwa ce, akwai kuma komawa baya a cikinta. Ɗaya daga cikin hanyoyin jinyar matasa da suka fi amfani, wadda aka tsara a asibitin Maudsley na Landan, ta dogara ne a kan iyali: iyaye su daina zargi da tsawa, su zauna da yarinya a kan kowane kwano har ta ci.

Ga marubuci wannan taska ce. Gidan Bahaushe da ake haɗa hannu a kwano ɗaya, da kaka mai lallashi, da gwaggo mai cewa aljanu ne, da uban da girman kai ya hana shi yarda cewa 'yarsa tana bukatar likitan ƙwaƙwalwa, duk taurari ne da suke jiran alƙalami. Tafiyar da za a yi daga gida zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke wannan gari, da fargabar kada maƙwabta su ce ta haukace, ta ishi babi guda. Ranar da tauraruwa ta iya shan rabin kofin kunu ba ta tashi ta nufi bayan gida ba, ta fi ranar ɗaurin aure nauyi idan marubuci ya san yadda zai gina ta.

6.0 Kammalawa

Ba muna cewa duk tauraruwar da ta ture kwano anoreksiya ke damunta ba, ba kuma muna neman marubuci ya koma malamin asibiti ba. Kiranmu ga ɗalibai masu aiko da labarai shi ne, wanda ya ɗauki ramar yarinya ya yi ado da ita, to ya ɗauki nauyin jinyarta har ƙarshe. Ya ba ta likita, ya ba ta watanni, ya bar ta ta faɗi ta tashi. A cikin masu karanta wannan mujalla ba za a rasa wadda take ɓoye kwanonta a ƙarƙashin gado ba, ko wadda take buɗe famfo don kada a ji sautin amanta. Abin da take bukatar ta gani a shafi shi ne cewa ciwonta yana da suna, an san shi, ana kuma warkewa daga gare shi.